Kwamfutar Gobe Ba Ta Buga Takardar Yau

Ina so in faɗi ra'ayina a kan wata gardama da ta daɗe tana tashi a ƙungiyarmu ta masu sha'awar kwamfuta, har takan biyo mu ɗakin kwana bayan an kashe fitila. Gardamar kuwa ita ce, idan mutum ya tara kuɗinsa zai haɗa kwamfuta, sai ya ji labari kamfani yana shirin fito da sabuwar ƙwaƙwalwa wadda ta fi ta yanzu, shin ya saya yanzu ne, ko kuwa ya jira? Yawancin abokaina sun ce a jira. Ni kuwa na ce kada a jira, sai bisa wani sharaɗi da zan ambata can gaba. Ba a littafi na karanto wannan ra'ayi ba. A gidanmu na gan shi, a Jangeru, kuma bijimai biyu na mahaifina ne suka biya mana kuɗin wannan karatu.

Amma tun da na san iyayenmu ma suna karanta wannan mujalla idan mun kai ta gida lokacin hutu, ya kamata in fara bayyana abin da ake magana a kansa, don kada su ce yaran nan sun koma yin wani yare.

Kwamfutar tebur ba abu guda ba ce. Kayayyaki ne daban-daban ake saye a haɗa cikin akwati ɗaya, kamar yadda mai gini yake sayen azara dabam, ƙofa dabam, kwano dabam. Mafi daraja a cikinsu ita ce furosesa, watau ƙwaƙwalwar da ke yin dukan lissafi. Ba ta fi faɗin kwalin ashana ba, amma sau da yawa ita ce ta fi kome tsada. Kamfanoni biyu ne na Amurka suka riƙe wannan kasuwa, Intel da AMD. Ita wannan ƙwaƙwalwa ba ta aiki sai an zaunar da ita a kan wani babban allo da 'yan kasuwa ke kira madabod, kuma a kan allon akwai gurbin da aka yanka dominta, wanda ake ce wa soket. Idan gurbin bai yi daidai da ita ba, ko da Sarkin Maƙera ka kira ba za ta shiga ba. Sa'an nan a kan allon akwai wani ɗan ƙaramin abu da ake kira cifset. Ni dai na fi gane shi idan na kwatanta shi da sarkin tasha, domin ba shi ke tuƙa mota ba, amma shi ke faɗin wadda za ta shiga, da wadda za ta yi lodi, da ƙofar da za ta bi. Shi ke tsara yadda ma'ajiya da kafofin da ake sa waya da sauran kaya za su yi magana da ƙwaƙwalwa, kuma da shi ne kamfani ke yanke hukuncin irin ƙwaƙwalwar da allo zai karɓa.

To, abin da ya kawo gardama shi ne, kusan kowace shekara kamfanonin nan suna fito da sabuwar ƙwaƙwalwa, kuma ba yau aka fara ba. Ƙwaƙwalwar farko da Intel ta sayar a shekarar 1971, mai suna 4004, taransista 2,300 ne kawai a cikinta, alhali kuwa na zamaninmu suna ɗauke da dubban miliyoyi. Tun a 1965 wani masani mai suna Gordon Moore ya lura cewa yawan taransistan da ake iya cusawa wuri guda yana ninkawa a kai a kai, daga baya a 1975 ya ce duk bayan shekara biyu ne. Ma'anar wannan a wurin mai saye ita ce, ko wace rana ya shiga kasuwa, akwai wadda ta fi abin da ke gabansa tana kan hanya. Wanda ya ce sai ya ga ta ƙarshe zai saya, ya shiga jiran gawon shanu.

Yanzu bari in koma ga labarin gidanmu.

Yayana ya gama karatun difloma a fannin kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda a shekarar 2022. Ya dawo gida ba aiki, sai ya kawo wa Baba shawara cewa yana so ya buɗe ɗan shago inda za a riƙa buga takardu, a cike wa mutane fom, a kuma koya wa yara kwamfuta kafin su je jarrabawar shiga jami'a. Shawarar tana da kyau, domin tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya a kan kwamfuta, kuma akwai yara da yawa a ƙauyukanmu da ba su taɓa ɗora yatsa a kan kibod ba sai ranar da suka shiga ɗakin jarrabawa. Baba ya yi shiru kwana biyu, a rana ta uku ya ce a fitar da bijimai biyu da yake kiwo, a kai su kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Inna ma ta ɗauki adashinta ta ƙara. A farkon 2023 ne wannan, daidai lokacin da aka canza takardun naira ana ta wahalar kuɗi a hannu, saboda haka kuɗin suka zauna a banki da sunan Yaya.

Ya yi waya da wani ɗan kasuwa a Kano, a titin Beirut inda ake sayar da irin waɗannan kaya, aka yi lissafi, aka ga kuɗin za su haɗa kwamfuta huɗu masu matsakaicin ƙarfi, har da ɗan abin da zai rage na injin buga takarda. Muka yi ta murna. Ni a lokacin ina da shekara goma sha uku, har na fara gaya wa abokaina cewa idan mun dawo hutu su zo in koya musu, alhali ni kaina ban iya ba.

Sai Yaya ya karanta a wayarsa cewa Intel za ta fito da tsara ta 14 kafin ƙarshen shekara. Ya ce wa Baba, "Baba, in muka saya yanzu, nan da wata bakwai kayanmu sun zama tsoho. Gara mu yi haƙuri mu sayi sabo, ko kuma idan sabo ya fito tsohon ya yi araha mu sami biyar maimakon huɗu." Baba ya ce, "Kai ka yi karatun abin, ni ban sani ba. Yi abin da ka ga ya fi."

Ina so mai karatu ya lura cewa maganar Yaya ba ta wauta ba ce. A Amurka ko Ingila haka abin yake tafiya, idan sabo ya fito tsoho yakan sauka. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne, ba da dala ya ajiye kuɗinsa ba, da naira ya ajiye, kuma kayan kwamfuta duk da dala ake shigo da su. A watan Yuni na 2023 gwamnati ta saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da a farkon shekarar ake canzawa wajen naira 750 a hannun 'yan canji, kafin a fita watan Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Ga kuma kuɗin mota da ya tashi bayan an cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023. Ko da kamfani ya rage dala ashirin a kan tsohuwar ƙwaƙwalwa, me wannan zai tsinana wa wanda kuɗinsa suka rabu biyu suna zaune a banki?

Tsara ta 14 ta fito a watan Oktoba na 2023 kamar yadda aka faɗa. Da masu gwaji suka gwada ta, sai aka ga kusan ta bara ce aka ɗan ƙara mata gudu aka sake mata suna. Na zaci a nan Yaya zai haƙura ya sayi abin da kuɗinsa za su iya. Ina! Sai ya zo da wani sabon bayani, cewa gurbin da ake kira LGA 1700, wanda Intel ta fara amfani da shi a ƙarshen 2021, ya zo ƙarshen rayuwarsa, duk wanda ya sayi allo mai wannan gurbi ya sayi gidan da ba za a ƙara masa ɗaki ba. Wannan ma gaskiya ya faɗa. Ya ce a jira sabon gurbi. Aka jira shekara guda cur. A watan Oktoba na 2024 sabon gurbin ya fito, LGA 1851, tare da ƙwaƙwalwar Core Ultra da allon cifset Z890. Sai ga shi ba ya karɓar tsohon ram irin DDR4, sai DDR5 mai tsada, allon kansa kuma da farko masu tsadar ne kaɗai a kasuwa. Da Yaya ya tambayi farashi, sai ya ajiye wayar ya fita bai ce wa kowa kome ba.

A tsakanin nan kuɗin ma ba su zauna lafiya ba, domin kuɗi a gidan manomi ba sa zama. An taɓa su an sayi taki, an taɓa su da ƙanwata ta kwanta ciwo. Ba wanda ya yi laifi a nan, lalura ce. Amma da sun riga sun zama kwamfuta suna kawo ɗari biyar, dubu ɗaya kullum, da daga ribar za a ɗauki na taki, uwar kuɗin tana nan. Garin neman gira muka kusa rasa ido.

Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne. A cikin shekaru biyun nan ɗalibai aji biyu sun gama sakandare a garinmu sun tafi jarrabawa. A cikinsu akwai ɗan kawuna, yaro mai ƙoƙari wanda yake koya mini lissafi, wanda ya dawo ya ce mini wajen minti goma na farko ya ɓata yana kokawa da linzamin kwamfuta, yana tsoron kada ya danna wani wuri kome ya goge. Ba Core Ultra yake bukata ba. Da ya sami ko tsohuwar kwamfutar ofis ya yi sati biyu yana taɓawa, da hannunsa bai yi rawa ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, to shi kam ranar tafiya aka miƙa masa gorar da wuƙar.

Wannan ya kawo ni ga tambayar da nake yi wa abokaina duk lokacin da muka fara gardama: me za ka yi da kwamfutar? Sai ka ga yaro ya haddace sunayen ƙwaƙwalwa kamar yadda ake haddace sunayen 'yan ƙwallo, yana cewa wannan ta fi waccan da kashi kaza, amma idan ka tambaye shi aikin da zai yi, sai ya ce rubutu, da kallon darasi, da gwajin jarrabawa. Irin wannan aiki ƙwaƙwalwar da aka ƙera shekara shida da suka wuce tana yin sa tana hamma. Bambancin da ake ta talla a kansa, masu wasannin kwamfuta masu nauyi da masu haɗa finafinai ne suke ganinsa. Mai buga takardar ɗaurin aure ba zai taɓa gane ko tsara ta 12 ce a akwatinsa ko ta 14 ba. Abin da zai gane shi ne ko an sa masa ma'ajiya irin SSD ko kuwa tsohon faifai mai juyawa, domin wannan kam bambancinsa kamar na babur da jaki ne, kuma kuɗinsa bai kai na sabuwar ƙwaƙwalwa ba.

Daɗin daɗawa, akwai abin da masu rubutu a ƙasashen waje ba sa damuwa da shi, mu kuwa shi ne farkon lissafinmu, watau wuta. Babbar ƙwaƙwalwar Intel ta tsara ta 14, wadda ake kira Core i9-14900K, takan ja har wat 253 ita kaɗai idan ta ɗauki aiki sosai. Ƙaramar AMD mai suna Ryzen 5 5600G, wadda ta fito a 2021, an ƙayyade ta a wat 65, kuma tana da sashen nuna hoto a cikinta, ba sai an sayi wani kati dabam ba. Wanda yake dogara da faifan sola biyu da batiri ɗaya, ko kuwa ɗan janareta da litar mai, ya san wadda za ta kai shi la'asar. Ga zafin bazara, lokacin da ma'auni ke haura 40 a inuwa, ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina ta toshe fanka. Ƙwaƙwalwa mai cin wuta da yawa zafi take fitarwa da yawa, idan kuma ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ka ga ke nan ka biya kuɗin doki, kana tafiyar jaki.

Akwai kuma wani dalili da ya sa ni ba na sha'awar zama cikin na farko da za su sayi sabon abu, ko da ina da kuɗin. Sabon kaya bai gama nuna halinsa ba. A watan Janairu na 2011 Intel ta fito da sabuwar ƙwaƙwalwa da sabon cifset, mutane suka yi rububi. Kafin watan ya ƙare kamfanin ya ba da sanarwa cewa an sami aibi a cifset ɗin, wasu kafofin da ake haɗa ma'ajiya za su iya lalacewa a hankali, aka tsai da sayarwa, aka ce a maido da alluna a canza. Kamfanin da kansa ya ƙiyasta gyaran zai ci masa wajen dala miliyan 700. A 2023 wasu daga cikin sababbin ƙwaƙwalen AMD na gurbin AM5 sun ƙone a kan allunansu saboda yawan ƙarfin wuta da allon ke tura musu, sai da aka sabunta umarnin da ke cikin allon, wanda ake kira bayos. A watan Yuli na 2024 kuma Intel ta amsa cewa wasu manyan ƙwaƙwalenta na tsara ta 13 da ta 14 suna neman ƙarfin wuta fiye da kima, abin da ke sa kwamfuta ta riƙa tsayawa, har ta ƙara wa masu su garantin shekara biyu. Na yaba musu da suka amsa suka gyara. Amma ku tsaya ku yi tunani, ya ku 'yan'uwana. Mutumin da ke zaune a birnin Landan, idan aka ce ya maido da allo, sai ya sa a kwali a zo ƙofar gidansa a karɓa. Mutumin Jangeru fa? Sai ya kama hanyar Ƙaura, ya wuce Gusau, ya wuce Tsafe, ya kai Kano, a kan hanyar da kowa ya san ba a binta sai da addu'a, ya je ya sami ɗan kasuwa wanda shi ma daga Legas ya saro, wanda zai ce masa ai lafiya lau ya sayar. Mu nan garantinmu shi ne mu sayi abin da wasu suka riga suka gwada shekara ɗaya ko biyu aka san halinsa.

Na san wani zai ce, to kai nufinka a rufe ido a sayi duk abin da aka gani? A'a, ba haka nake nufi ba, kuma a nan ne nake ba Yaya gaskiyarsa. Bin labarin abin da ke zuwa yana da amfani ƙwarai, sai dai amfaninsa shi ne ya gaya maka abin da za ka saya, ba ya hana ka saye ba. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Allon da ka saya yau, ya kamata ka san ko gobe zai karɓi ƙwaƙwalwar da ta fi, idan Allah ya hore maka. A wannan fanni tarihin kamfanonin biyu ya bambanta. Intel ta saba canza gurbi bayan tsara biyu ko uku: LGA 1200 a 2020, LGA 1700 a 2021, LGA 1851 a 2024. Har akwai wani tarko da ya kama mutane da yawa, domin ƙwaƙwalen tsara ta 6 da ta 7 da ta 8 da ta 9 duk gurbinsu sunansa LGA 1151, amma ta 8 ba ta tashi a kan allon ta 7, saboda cifset ɗin ba ɗaya ba ne. Gurbi ya yarda, sarkin tasha ya hana. Ita kuwa AMD ta fito da gurbin AM4 a 2016, ta ɗora Ryzen na farko a kansa a 2017, kuma har a 2024 ta sake fito da sababbin ƙwaƙwale dominsa. A 2020 ta so ta hana tsofaffin alluna karɓar Ryzen 5000, masu saye suka yi ca a kanta, ta janye. Saboda haka wanda ya sayi allon B450 a 2018 yana iya cire tsohuwar ƙwaƙwalwa ya sa wadda ta ninka ta ƙarfi, ba tare da ya taɓa sauran kayan ba. Da sabon gini gara yaɓe. Sabon gurbinta kuma, AM5 na 2022, kamfanin ya yi alkawari a 2024 cewa zai ci gaba da yi masa ƙwaƙwale har 2027 ko fiye. Irin wannan sani shi ya kamata mai saye ya shiga kasuwa da shi.

Haka nan sanin labari yana hana mutum sayen abin da ya tsufa da yawa. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 bisa ƙa'ida ba ta karɓar ƙwaƙwalwar Intel da ta gaza tsara ta 8, ko Ryzen da ta gaza jerin 2000. Ofisoshin Turai da Amurka suna zubar da tsofaffin injinansu, su ne kuma suke cika kasuwanninmu da sunan kayan gwanjo. Idan aka ce maka ga Core i5 da araha, kada ka tsaya a sunan, tambayi tsarar, domin akwai i5 na 2011 akwai na 2021, duk sunansu ɗaya. Kuma kowane allo za ka saya, ka sa mai shago ya haɗa ya kunna a gabanka, domin wani allon ya daɗe a kwali, bayos ɗinsa bai san sabuwar ƙwaƙwalwar da kake so ka sa masa ba, in ka kai gida ka kunna sai fanka ta yi ta juyawa, fuska kuwa baƙi ƙirin.

Sharaɗin da na ce zan ambata shi ne wannan. Idan kamfani ya riga ya faɗi rana, ranar kuma ba ta wuce sati uku ko huɗu ba, kuma ba ka da aikin da ke jiranka, to ka jira, ba laifi. Amma jiran abin da ba a sa wa rana ba, wanda wani ne kawai ya ce ya ji an ce, wannan ba na tare da shi. Manomin garinmu yana duban sama kafin ya yi shuka, ba ya zuba iri a ruwan farko idan ya ga bai jiƙa ƙasa ba. Amma ban taɓa ganin wanda ya ƙi shuka gero bana don an ce masa baɗi za a kawo irin da ya fi yabanya ba. Yakan shuka wanda ke rumbunsa, in sabon ya zo ya gwada shi a gefen gona.

Mu mutanen wannan yanki mun fi kowa sanin cewa gobe ba a hannunmu take ba. Ina firamare a watan Satumba na 2021 lokacin da aka katse layukan waya a duk jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka rufe kasuwannin mako, makarantu ma aka rufe. Wanda yake da abu a ɗakinsa a ranar shi ke da shi, wanda ya ce sai mako mai zuwa ya zauna ya yi tagumi. Ban kawo wannan don in tayar wa kowa da hankali ba, sai don in nuna cewa lissafin da aka yi a ƙasar da kome ke tafiya a kan tsari, ba lallai ne ya yi daidai da Shinkafi ko Zurmi ba. Ko a can ɗin ma lissafin yakan ƙi. A ƙarshen 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabi a duniya baki ɗaya, saboda manyan kamfanonin da ke gina rumbunan kwamfuta na ƙirƙirarriyar basira sun kwashe abin da masana'antu ke ƙerawa. Wanda ya zauna yana jiran sabuwar ƙwaƙwalwa, sai ram ya zagayo ta baya ya cinye masa kuɗin. Ba wanda ya gaya masa wannan a cikin labaran da yake bi.

Yaya dai Allah ya taimake shi ya tsallake wannan. Bayan sallar layya ta 2025 Baba ya kira shi zaure da dare, ina kusa ina ji. Bai yi masa faɗa ba. Cewa ya yi, "Bijiman nan da na bar su, da yanzu sun zama huɗu. Na ji kwamfutarka kuma da huɗu ce ta koma biyu. Ka tafi Kano jibi ka sayo biyun, kafin su koma ɗaya." Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba."

Ya tafi ya haɗo guda a kan gurbin AM4, da ƙwaƙwalwar 5600G ɗin nan da na ambata, watau irin wadda take kasuwa tun ranar da aka sayar da bijiman. Ta biyun kuwa tsohuwar ta ofis ce ta gwanjo, Core i5 tsara ta 8, ya sa mata SSD ya ƙara mata ram. Injin buga takarda sai bashi ya ci wurin wani abokinsa. Ya kama ɗan shago a bakin hanya, ya ɗora faifan sola a kan kwano. A hutun da ya wuce na ƙirga yara goma sha ɗaya da ke zuwa koyo, biyu-biyu suke zama a kan kowace kwamfuta, sauran suna kan benci a waje suna jiran layi. Duk lokacin da na ga masu jiran nan sai in tuna da kujeru biyun da babu.

Abin dariya, halin mutum ba ya barinsa. Ana jibi zan dawo makaranta muna cin tuwo, sai Yaya ya fara ba ni labari cewa ana raɗe-raɗin Intel za ta sake canza gurbi, wai wanda zai zo ɗin sai wanda ya gani. Baba ya ɗago kai ya ce, "Biyun da ke shago sun lalace ne?" Yaya ya ce, "A'a Baba, lafiyarsu lau." Baba ya ce, "To gobe ka buɗe da wuri, jiya na wuce na ga yara a ƙofa tun kafin ka zo."

Ni dai jarrabawata saura shekara guda. Na riga na roƙi Yaya ya ajiye mini sa'a ɗaya kowace safiya a hutu mai zuwa, bayan sallar asuba kafin yara su taru, a kan ta gwanjon, domin kibod ɗinta ya fi taushi. Ya ce ya yarda, amma ni zan riƙa share shago in goge faifan sola.